Kura da Shan Bugu: Fashin Baƙi Kan Tiger & Bunny, Katun Ɗin da Ya Sayar da Ƙirjin Jarumansa

A watan Afrilun 2011 kamfanin Sunrise na ƙasar Japan ya fara nuna wani shirin katun, irin wanda ake kira anime, mai suna Tiger & Bunny. Kashi 25 ne, ya ƙare a watan Satumba na shekarar. Keiichi Sato ne darakta, Masafumi Nishida ya tsara labarin, Masakazu Katsura kuma ya zana siffofin mutanen ciki. Labari ne na wasu jarumai masu baiwar ƙarfi da ke kama miyagu suna ceton jama'a a wani ƙirƙirarren birni mai suna Sternbild, wanda aka ɗora shi a kan fasalin New York. Irin wannan labari ba baƙo ba ne. Baƙon abin yana jikin tufafinsu. A ƙirjin babban jarumin an rubuta SoftBank, kamfanin sadarwar nan na Japan. A jikin wata jaruma an rubuta Pepsi NEX. Waɗannan ba sunayen wasa ba ne, kamfanoni ne na zahiri da suka biya kuɗi na zahiri domin a manna tambarinsu a jikin mutanen da babu su a duniya.

Abin da ya sa shirin ya cancanci a zauna a warware shi ke nan. Labarinsa yana zolayar duniyar da talla ta mamaye har ceton rai ya zama haja, alhali shi kansa da kuɗin talla aka yi shi. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. To wane irin aski Sunrise ta yi, kuma me ta iya faɗa duk da ladan da ke aljihunta?

A fara da yadda birnin ke tafiya. Shekara 45 kafin buɗewar labarin aka fara haihuwar mutane masu wata baiwa ta daban, ana kiransu NEXT. Wani yana sarrafa wuta, wani iska, wani yana rikiɗa. Da farko tsoronsu ake yi, ana ƙyamarsu. Daga cikinsu wasu suka samu lasisi daga hukumar shari'a ta birnin suka zama jarumai, amma ba gwamnati ke biyansu albashi ba. Kowanne ma'aikacin wani babban kamfani ne. Kamfanonin guda bakwai ne, jaruman takwas. Idan aka yi fashi ko gobara, wani shirin talabijin mai suna Hero TV ne ke bin su da kyamara daga sama da ƙasa yana watsawa kai tsaye. Wanda ya kama mai laifi a ba shi maki, wanda ya ceci mutum a ba shi maki, a ƙarshen kaka a tara, wanda ya fi kowa a naɗa shi Sarkin Jarumai. Duk wanda ke kallon gasar ƙwallon Turai ya riga ya san tsarin: ga teburin maki, ga mai sharhi yana ɗaga murya, ga sunan kamfanin jiragen sama ko na waya a gaban rigar ɗan wasa. Bambancin kawai, a nan abin da ake bugawa rayukan mutane ne.

Tun kashi na farko aka nuna inda gizo ke saƙar. Ɓarayi sun ƙwace jirgin ƙasa na cikin gari, jarumi Wild Tiger ya iso zai shiga, sai furodusar shirin, Agnes Joubert, ta ce masa ya ɗan dakata a tafi hutun talla tukuna. Bai saurare ta ba. Ya shiga, ya yi ɓarna a kan hanyar jirgin, aka kuma rubuta wa kamfaninsa kuɗin gyara.

Wild Tiger, sunansa na yanka Kotetsu Kaburagi, shi ne ƙashin bayan labarin, kuma ba irin jarumin da aka saba gani a anime ba ne. Ba saurayi ba ne. Ya fara manyanta, matarsa ta rasu, 'yarsa Kaede tana can garinsu wajen kakarta ba ta ma san sana'ar ubanta ba, abin da ta sani shi ne yana yawan saɓa mata alkawari. Baiwarsa ita ce ƙarfinsa ya ninka sau 100 na minti biyar, daga nan sai ya jira awa guda kafin ya sake. Kasuwarsa ta faɗi, katunan hotonsa da ake sayar wa yara sun yi kwantai har shi da kansa yake zuwa ya saya. Aka wayi gari babban kamfanin yaɗa labarai Apollon Media ya haɗiye sashen jarumai na ƙaramin kamfanin da yake wa aiki, aka miƙa shi ga sabon uban gida kamar yadda ake miƙa kujeru da tebura. Can aka haɗa shi da wani sabon yaro, Barnaby Brooks Jr., wanda shi ne Bunny na sunan shirin, mai baiwa iri ɗaya da tasa, kyakkyawa, mai lissafi, wanda ya san inda kyamara take kafin ya san inda ɓarawo yake. Ba don su dace aka haɗa su ba. An haɗa su ne don a sayar da su a matsayin tagwayen jarumai na farko a birnin, tsohon ya zama kamar bango da sabon zai haska a gabansa. Duk lokacin da Kotetsu ya yi ƙorafi, amsar manajansa Lloyds guda ce: in bai yi maka ba, ƙofa a buɗe take.

A nan ya kamata a ɗan fita daga cikin labarin a leƙa aljihun masu shi, domin ba za a gane dabarar ba sai an san yadda ake samo kuɗin anime.

Yawancin shirye-shiryen anime na manya ba tashar talabijin ke biyan kuɗin yin su ba. Kamfanoni ne ke haɗa hannu su kafa kwamitin shiryawa: mai sayar da faifai, mai buga littattafai, mai yin kayan wasa, mai harkar waƙa. Kowa ya zuba kasonsa, sau da yawa ma su ne ke sayen lokacin da za a nuna shirin a tashar cikin dare. Ribar ba daga nunawar take fitowa ba, daga abin da masu kallo za su saya bayan sun kalla take fitowa. Wato shirin kansa doguwar talla ce ga faifai da 'yan mutum-mutumi da riguna. Sunrise ta fi kowa sanin wannan. Ita ta yi shirin anime na Gundam a 1979, lokacin da kamfanin kayan wasa na Clover ke ɗaukar nauyi. Da masu kallo suka yi ƙaranci, kayan wasan ba su tafi yadda ake so ba, aka yanke shirin ya tsaya a kashi 43 maimakon 52 da aka tsara. Abin da ya farfaɗo da shi daga baya har da ƙananan mutum-mutumin roba da kamfanin kayan wasa na Bandai ya fara sayarwa a 1980, kuma a 1994 Sunrise ɗin kanta ta shiga ƙarƙashin Bandai. Saboda haka idan ma'aikatan Sunrise suka zana jarumin da mai ɗaukar nauyi ke juya shi, ba labarin wasu suke bayarwa ba, a gida suka gani.

Tiger & Bunny ba daga wani sanannen littafi aka ɗauko shi ba, ba shi da masoya da ke jiransa tun kafin ya fito, don haka kasadar ta fi yawa. Sai Sunrise ta yi abin da ba a saba ba: tun kafin a fara nunawa ta yi shela ga kamfanoni cewa ga fili a jikin jarumai, mai so ya zo ya saya. Aka samu masu so. Wild Tiger ya ɗauki SoftBank da S.H.Figuarts, tambarin wasu 'yan mutum-mutumin wasa. Barnaby ya ɗauki Bandai, daga baya aka ƙara masa Amazon na Japan. Blue Rose mai ƙanƙara ta ɗauki Pepsi NEX, har aka yi tallar lemon da ita ana sakawa a lokacin hutu. Rock Bison, ƙaton da sulkensa ke da siffar bijimi, ya ɗauki Gyu-Kaku, gidajen cin gasasshen nama. Dragon Kid ta ɗauki Calbee masu soyayyen dankali na leda. Fire Emblem ya ɗauki FMV, kwamfutocin Fujitsu. Sky High ya ɗauki Ustream, dandalin watsa bidiyo kai tsaye na wancan lokaci, wanda a kansa ma aka riƙa nuna shirin. Akwai kuma wata hikima ta aiki: yawancin sulken jaruman da kwamfuta aka gina su, ba da hannu aka zana kowane motsi ba, don haka manna tambari ko canza shi ba ya buƙatar a sake zane daga farko.

Yanzu ga ainihin dabarar, kuma ita ce ta fi ɗaukar hankalina. Kamfanonin da ke cikin shirin hawa biyu ne. Hawa na farko su ne iyayen gidan jaruman, masu biyan albashi da ba da umarni: Apollon Media, Titan Industry, Poseidon Line, Helios Energy, Kronos Foods, Odysseus Communication da Helperides Finance. Duka ƙirƙirarru ne, sunayensu daga tatsuniyoyin Girkawa aka aro. Hawa na biyu su ne tamburan zahiri da ke jikin sulke. Duk wani mugun hali na kamfani da labarin ke son nunawa, haɗama ne, wulaƙanta ma'aikaci ne, rufa-rufa ce, a kan hawa na farko ake ɗora shi. Hawa na biyu ba ya magana, ba ya korar kowa, ba ya cewa a jira talla. Yana nan dai a ƙirjin jarumi a daidai lokacin da ya cafe yarinyar da ta faɗo daga sama. Manajan Titan Industry ne zai matsa wa Blue Rose, Pepsi kuwa sai ta fito a hannunta tana murmushi. Marubuci ya samu 'yancin caccakar kamfani, mai talla ya samu hotonsa fes, kowa ya tafi gida da nasa.

Wani zai ce wannan ai munafunci ne. Ni ban kai shi can ba, domin shirin bai ɓoye abin da yake yi ba, a gaban idonka yake yi, har yana sa ka dariya da shi. Ɗauki Origami Cyclone. Yaro ne mai baiwar rikiɗa zuwa siffar wani, baiwar da ba ta da amfani sosai a fagen dambe, don haka kullum shi ne na ƙarshe a teburin maki. Sai ya ƙware a wani abu daban: duk inda kyamara ta haska wani jarumi, za ka hango shi a baya ya tsaya yadda tamburan jikinsa za su fito sarai. Bai kama kowa ba, amma a ma'aunin kamfani ya yi aikinsa. Mai kallo yana yi masa dariya, kuma a cikin dariyar ya karanta tambarin, wato tallar ta shige shi ke nan. Ko kuma ɗauki abin da injiniya Saito ya ƙara wa sulken Tiger da Barnaby, wanda a daƙiƙun ƙarshe na ƙarfinsu hannu ko ƙafa ke kumbura ta zama ƙatuwa kafin a kai bugun ƙarshe. Da aka tambaya nawa yake ƙara ƙarfi, sai ya zama ko kaɗan ba ya ƙarawa. Don kyan gani ne kawai. Wannan zolaya ce ga Hero TV, amma zolaya ce kuma ga sana'ar da ta daɗe tana ƙirƙiro wa jarumi sabon makami don a samu sabon abin sayarwa.

Blue Rose ta fi ban tausayi. Ɗalibar sakandare ce mai suna Karina, burinta waƙa. Kamfani ya ce zai fito da ita mawaƙiya da sharaɗin ta yi jarumta, aka ɗinka mata kayan da suka fi dacewa da dandali fiye da fagen fama, aka rubuta mata kirarin da za ta riƙa yi. Fire Emblem ne kaɗai ya tsira daga wannan, saboda shi ne mai kamfanin da yake wa aiki. Sauran kuwa kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wanda bai kalli shirin ba kuma yana da niyya, daga nan zan tona asirin ƙarshensa.

Rabin farko ya tafi ne a kan farautar wanda ya kashe iyayen Barnaby yana ɗan shekara huɗu, da wata ƙungiyar asiri mai suna Ouroboros. A rabi na biyu ne labarin ya juyo ya fara haƙa ƙarƙashin ƙafarsa. Ƙarfin Kotetsu ya fara raguwa, minti biyar ɗin nan suka fara gajarcewa, shi kuma ya kasa gaya wa kowa. A cikin wannan hali ya gano cewa Mr. Legend, jarumin da ya cece shi yana yaro kuma ya sa masa son aikin, shi ma ƙarfinsa ya ƙare kafin ya bar fage, amma aka rufe maganar. Wasu ke kama masu laifi a rubuta da sunansa, don kada tauraron shirin ya dushe. Mutumin ya faɗa shaye-shaye, ya koma dukan matarsa. Ɗansa Yuri Petrov ya girma ya zama alƙali a hukumar da ke kula da jarumai, shi ne ma ke zama kan shari'ar ɓarnar da su Kotetsu ke yi, da dare kuma ya rufe fuska ya zama Lunatic, mai ƙone masu kisan kai ba tare da shari'a ba. Shi ne kaɗai mai baiwa a fagen da babu tambari a jikinsa, kuma shirin bai nuna shi a matsayin mafita ba. Jarumin da ba shi da uban gida a nan, ba shi da mai taka masa birki.

Sai babban tonon silili. Albert Maverick, shugaban Apollon Media kuma uban gidan Hero TV, wanda ya riƙe Barnaby tun yana maraya, shi ne ya kashe iyayensa. A shekarun farko Hero TV ba ya samun masu kallo, jama'a ba su yarda da NEXT ba. Sai Maverick ya ƙulla da Ouroboros, ana shirya manyan laifuka masu ɗaukar ido don jarumai su samu abin murƙushewa a gaban kyamara. Iyayen Barnaby, masu binciken ƙera mutum-mutumi, suka gano, ya kawar da su. Shi kansa NEXT ne, baiwarsa ita ce sauya abin da mutum ke tunawa. Da ita ya gina wa Barnaby tarihin ƙarya, da ita kuma ya goge Kotetsu daga ƙwaƙwalwar abokan aikinsa, ya ɗora masa laifin kisa, ya saka mutum-mutumi cikin sulke ya ce ga Wild Tiger. Mai gidan talabijin da ke iya canza abin da mutane ke tunawa: ba sai an yi dogon bayani ba. Haka ma sulken da aka cire mutum daga ciki aka ci gaba da kiransa da sunan. A wurin kamfani sunan ne dukiya, wanda ke ciki ana iya musanya shi.

Hujjar Maverick ba ta banza ba ce, shi ya sa ta fi tayar da hankali. Gaskiya ne shirinsa ya sa birnin ya daina tsoron NEXT. Mutuncin da Kotetsu ke tinƙaho da shi, da mafarkin da ya taso da shi tun yana yaro, a kan wannan ƙarya aka gina su.

Daga nan ne, a ganina, askin kuturun ya bayyana. Bayan an kai mai kallo har bakin cewa tsarin ne gaba ɗaya ruɓaɓɓe, sai aka tattara laifin aka ɗora wa mutum guda. Asirin Maverick ya tonu a gaban kyamarar Agnes, ya goge ƙwaƙwalwar kansa don kada a tatsi bayani, Lunatic ya ƙarasa shi. Hero TV kuwa ya ci gaba, da makinsa da tallarsa da komai. Matar da ta ce a jira talla a kashi na farko ita ce ta taimaka aka kama mugun, kuma a lokaci guda ta samu shirin da ya fi kowane jan masu kallo. Babu wanda ya tambaya ko ya dace a ci gaba da auna ceton rai da maki. An dai bar wata 'yar alama: tambarin Ouroboros ya bayyana a jikin takardar kuɗin birnin, ma'ana abin ya wuce Maverick. Amma alama ce, ba a bi ta ba a wannan zango.

Masu son kwatance sukan kawo The Boys, wanda ya fara a matsayin littafin zane a 2006 kafin Amazon ta mayar da shi shirin talabijin a 2019. Can kamfanin Vought ne ke da jaruman, kuma jaruman kansu su ne annobar. Wannan ya fi zafin baki nesa ba kusa ba. Sai dai zafin bakin bai hana shi zama hajar ɗaya daga cikin manyan kamfanonin duniya ba, kamfanin da sunansa ya fito a jikin Barnaby. Tiger & Bunny tambayarsa daban ce, kuma ta fi kusa da rayuwar mai albashi: mutumin kirki ne, wurin aikinsa ba na kirki ba ne, ma'aunin da ake auna shi da shi ba ya ganin abin da ya fi iyawa, ga shekaru suna turawa, ga yarinya a gida tana jira. Me zai yi? Amsar Kotetsu ita ce ya ajiye aikin, ya koma gida, sannan bayan shekara guda ya dawo a rukuni na biyu, na ƙananan jarumai masu bin ɓarayin jaka, da ƙarfin minti ɗaya kacal. Har wannan ma sai da aka mayar da shi kirarin talla aka liƙa a sunansa.

Kasuwa ta karɓi shirin fiye da yadda aka zata, musamman a wajen manya da mata, waɗanda suka sayi faifai da kayan jaruman. Aka yi fim biyu, na 2012 da na 2014. A na biyun wani sabon mai kuɗi, Mark Schneider, ya karɓe Apollon Media, ya sallami Kotetsu, ya haɗa Barnaby da wani mai suna Golden Ryan saboda lissafin riba ya fi kyau a haka. Zango na biyu bai zo ba sai 2022, daga Bandai Namco Pictures, a kan Netflix, kashi 13 a watan Afrilu da 12 a watan Oktoba. A can kowane jarumi an yi masa abokin tafiya, adadinsu ya kai 12, wanda ke nufin ƙarin ƙirji da kafaɗu na sayarwa.

Akwai wata matsala da wannan dabara ta haifar wadda ba a cika samu a wasu shirye-shiryen ba. Yarjejeniyar talla tana da wa'adi da iyakar inda take aiki, labari kuwa ba shi da su. Shi ya sa tamburan suka riƙa canzawa daga talabijin zuwa fim zuwa zango na biyu, kuma a wasu kwafin zangon farko da aka saka a intanet daga baya an goge su gaba ɗaya. Labarin bai canza ba ko da kalma guda, amma rabin zolayar ya tafi. Mai neman shirin yau ya duba ƙirjin Wild Tiger a kashi na biyu, lokacin da ya fara sa sabon sulkensa: in babu rubutu a wurin, gogaggen kwafi ya samu, kuma zai sha mamakin abin da Origami Cyclone yake ta faman nuna wa kyamara.